Nicolas-Jacques Conté: Bafaranshen da ya cakuɗa yumɓu da kabon ya samar da fensirin zamani

Da wuya a samu ɗalibin da bai taɓa riƙe fensir mai ɗauke da haruffan HB ba, musamman a lokacin jarrabawa. Sai dai kaɗan ne suka san cewa waɗannan haruffa suna nuni ne ga yawan yumɓun da aka zuba a cikin baƙin abin da ke tsakiyar icen. Yawan yumɓun ne ke sa wani fensir ya daɗe yana rubutu da tsininsa, wani kuma ya cinye tun kafin a kai ƙarshen shafi.

Mutumin da aka fi danganta wannan dabara da shi shi ne Nicolas-Jacques Conté, wani Bafaranshe ɗan manoma da ya rayu daga 1755 zuwa 1805. A cikin shekara 50 da ya yi a duniya ya zana hotunan mutane, ya shugabanci makarantar sojojin da ke hawa balan-balan, ya rasa ido ɗaya a wajen gwaji, ya kuma bi Napoleon Bonaparte zuwa Masar. Amma aikinsa da ya fi daɗewa shi ne amsar da ya bai wa wata tambaya da injiniyoyi ke fama da ita har yau: me za a ƙara wa kabon don ya jure gugar yau da gobe, kuma nawa za a ƙara?

Daga lambun asibiti zuwa Paris

An haifi Conté ranar 4 ga Agustan 1755 a wani ƙauye kusa da garin Sées da ke yankin Normandy a arewacin Faransa. Iyayensa manoma ne marasa hali. Tun yana yaro ya yi aikin lambu a asibitin garin, wanda mata masu hidimar coci ke kula da shi, kuma a nan ne aka fara lura da baiwarsa ta zane, har aka ba shi aikin ƙawata ɗakin ibadar asibitin.

Daga nan ya zama mai zana fuskokin mutane, sana'ar da ke kawo kuɗi a zamanin da ba a ƙirƙiro kyamara ba. Ya koma birnin Paris, inda yake zane don ya ci abinci, yana kuma amfani da sauran lokacinsa wajen koyon lissafi da kimiyyar sinadarai da ƙere-ƙere.

Juyin juya halin Faransa na 1789 ya tarwatsa masu sarauta da attajiran da ke biyansa kuɗin zane. Kasuwar hotuna ta mutu, amma sabuwar gwamnati na neman mutanen da suka iya aiki da hannu da ƙwaƙwalwa, domin a 1793 ƙasar ta tsinci kanta cikin yaƙi da kusan dukan maƙwabtanta, ciki har da Birtaniya.

Balan-balan a fagen yaƙi

Aikin farko da aka ba shi shi ne na balan-balan mai ɗaukar mutum zuwa sama. Gwamnati ta buɗe wurin gwaji a Meudon da ke kusa da Paris, inda Conté da Jean-Marie-Joseph Coutelle suka duƙufa kan yadda soja zai hau sama ya hango inda abokan gaba suke.

Matsaloli biyu ne suka tsaya musu. Ta farko ita ce iskar haidurojin da ake cika balan-balan da ita, wadda aka saba samarwa da wani ruwan asid da ake yi da farar wuta, alhali kuwa an keɓe farar wuta don haɗa albarushi. Sai suka koma ga hanyar bi da tururin ruwa ta kan ƙarfen da aka gasa ya yi ja. Ta biyu kuma, iskar tana sulalewa ta cikin yadin siliki. Conté ya haɗa wani shafi mai kama da fenti da ke toshe ƙofofin yadin, wanda ya sa balan-balan ke daɗewa a cike.

Ranar 26 ga Yunin 1794, a yaƙin Fleurus da ke ƙasar Beljiyam ta yanzu, sojojin Faransa suka ɗaga balan-balan mai suna L'Entreprenant, ya shafe kimanin sa'a tara a sama ana leƙen rundunar Ostiriya. Daga baya a wannan shekarar aka kafa makarantar horar da irin waɗannan sojoji a Meudon, aka naɗa Conté shugabanta. A wajen wannan aiki ne iskar haidurojin ta yi bindiga a ɗakin gwajinsa, ya rasa idonsa na hagu. Shi ya sa hotunansa da suka shahara ke nuna shi da ƙyalle ɗaure a ido ɗaya.

Yadda yaƙi ya jawo ƙarancin fensir

Abin da ke rubutu a cikin fensir ma'adini ne da ake kira girafayit. Turawa sun daɗe suna zaton wani nau'in darma ne, sai a 1779 masanin sinadarai Carl Wilhelm Scheele na ƙasar Suwidin ya nuna cewa kabon ne, wato dangin gawayi. A 1789 Bajamushe Abraham Gottlob Werner ya raɗa masa sunan da ake kiransa da shi yanzu, daga kalmar Girkanci mai nufin rubutu.

A wancan zamani wuri ɗaya ne tak a Turai ake haƙo girafayit mai tsabta a dunƙule, wanda za a iya yankawa da zarto a saka cikin ice. Wurin shi ne kwarin Borrowdale a arewa maso yammacin Ingila, inda aka gano ma'adinin tun ƙarni na 16. Makiyayan yankin sun riƙa yi wa tumakinsu alama da shi, daga baya kuma aka ga amfaninsa wajen shafe cikin mazubin da ake zuba harsasan igwa. Darajarsa ta kai ana gadin ramin da makamai, kuma a 1752 majalisar dokokin Birtaniya ta yi dokar da ta mayar da satarsa babban laifi.

Sauran ƙasashe na da girafayit, amma gari-gari ne mai haɗe da ƙasa. Masu sana'ar fensir a birnin Nuremberg na Jamus sun riƙa cakuɗa garin da farar wuta ko wasu abubuwa masu danƙo don ya dunƙule. Fensirin da ake samu ta wannan hanya yana da gautsi, yana karce takarda, kuma bai kama ƙafar na Ingila ba.

Da yaƙi ya ɓarke, sai hanyar shigo da na Ingila ta toshe. Ga gwamnatin da ke yaƙi wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin da fensir hafsoshi ke zana taswira a filin daga, da shi injiniyoyi ke tsara ganuwa da gadoji, inda tawada da alƙalamin gashin tsuntsu ba su da daɗin aiki. A 1794 Lazare Carnot, wanda ke tsara harkokin yaƙi a gwamnatin, ya nemi Conté ya samo mafita.

Sirrin yumɓu

Conté bai tafi neman wani sabon ramin ma'adini ba. Ya karɓi garin girafayit marar daraja da ake da shi, ya mayar da hankali kan abin da za a haɗa shi da shi.

Ya niƙa girafayit ya yi laushi. Ya jiƙa yumɓu a ruwa ya tace, yashi da tsakuwa suka kwanta a ƙasa, ya kwashi lallausan da ke sama. Ya kwaɓa su biyun, ya danna kwaɓin cikin dogayen ramuka sirara, ya bari ya bushe, sannan ya gasa sandunan a cikin rufaffun tukwane da wuta mai tsanani. Rufewar na da muhimmanci, domin kabon yana ƙonewa idan ya haɗu da iska a irin wannan zafi. A watan Janairun 1795 gwamnati ta ba shi takardar mallakar wannan fasaha.

Abin da ke faruwa a cikin sandar ya fi fitowa fili idan aka dubi yadda girafayit yake. Ƙwayoyin kabon da ke cikinsa a shimfiɗe suke hawa-hawa, kamar takardun da aka jera a kan juna. Kowane shimfiɗi yana da ƙarfi, amma abin da ke riƙe shi da na kusa da shi ba shi da ƙarfi, don haka da an goga sai su zame. Wannan zamewar ce ke barin baƙi a takarda, ita ce kuma ke sa girafayit santsi a hannu. Sai dai ita ce rauninsa, domin garinsa ba ya iya riƙe kansa.

Yumɓu kuwa, kamar yadda duk mai ginin tukunya ya sani, idan ya sha wuta ƙwayoyinsa na mannewa da juna ya yi tauri, ba ya kuma komawa laka. A cikin fensir gasasshen yumɓun yana zama kamar ƙashi, girafayit kuma yana zaune a tsakankaninsa. Idan aka goga bakin fensir a takarda, ƙashin ne ke hana girafayit zubewa gaba ɗaya, yana sakinsa kaɗan-kaɗan.

A nan ne babbar nasarar Conté take. Ya gano cewa idan aka ƙara yumɓu, sandar na ƙara tauri, tsininta na daɗewa, amma rubutun na yin haske. Idan aka rage, rubutun na yin baƙi da laushi, amma bakin na saurin cinyewa. Idan yumɓun ya wuce kima, fensirin zai koma karce takarda ba tare da ya bar alamar kirki ba. Ke nan ba a neman a hana shi cinyewa kwata-kwata, tunda fensirin da ba ya cinyewa ba ya rubutu. Abin da ake nema shi ne a iya ƙayyade saurin cinyewar daidai da aikin da za a yi.

Ma'adinin Borrowdale, duk da kyansa, yadda aka haƙo shi haka za a yi amfani da shi. Conté kuwa ya iya yin fensir iri-iri da gangan, ya sa musu lambobi gwargwadon taurinsu, ya kuma maimaita kowane iri yadda yake so. Tsarin haruffa ya zo ne daga baya a ƙarni na 19, inda H ke nufin tauri, B kuma baƙi. Fensirin HB yana tsakiya, kuma kimanin kashi biyu cikin uku na bakinsa girafayit ne, sauran yumɓu da ɗan kaki. Masana'antun yanzu suna tsoma gasassun sandunan cikin narkakken kaki don ya cike ƙananan ramukan da wuta ta bari, rubutu ya yi sulɓi.

Ba Conté kaɗai ne ya bi wannan hanya ba. A birnin Biyana na Ostiriya, Joseph Hardtmuth, wanda ke da masana'antar kayan yumɓu, shi ma ya haɗa girafayit da yumɓu a kusan lokaci guda, kuma kamfanin iyalinsa ne daga baya ya shahara da fensirin Koh-i-Noor. A Amurka ma, marubuci Henry David Thoreau ya inganta fensirin masana'antar mahaifinsa da haɗin yumɓu shekaru da dama bayan haka.

Conté ya kafa masana'anta da 'yan uwansa suka riƙa gudanarwa. Ya kuma faɗaɗa dabarar zuwa sandunan zane masu launi. A baje kolin kayan masana'antun Faransa na farko da aka yi a Paris a 1798, kayansa na cikin waɗanda aka karrama. Yana kuma cikin mutanen farko da aka damƙa wa kula da cibiyar adana injuna da koyar da sana'o'i ta ƙasa da aka kafa a Paris a 1794.

Shekara uku a Masar

A watan Mayun 1798 Napoleon ya tashi daga tashar Toulon da rundunar mamaye Masar, tare da masana fiye da 150. Conté na cikinsu a matsayin shugaban sojojin balan-balan. Tafiyar ta fara da asara. Jirgin ruwan da ke ɗauke da kayan aikin masanan da yawa ya nitse a kusa da Iskandariya, sannan ranar 1 ga Agusta jiragen yaƙin Birtaniya ƙarƙashin Horatio Nelson suka ragargaza na Faransa a Abu Ƙir. A watan Oktoba kuma mutanen Alƙahira suka yi wa 'yan mamayar bore, wasu kayan suka sake salwanta.

Rundunar ta zama a yanke daga gida, babu hanyar kawo mata komai. Conté ya buɗe maƙeru da wuraren aiki a Alƙahira, inda aka riƙa ƙera abin da ake buƙata da kayan da ke ƙasar: injinan niƙa masu aiki da iska, kayan buga kuɗi, kayan aikin likitocin tiyata, na'urorin awo na masu safiyo, takubba, yadin kakin soja, har da ganguna da kakakin rundunar.

Ba duk abin da ya taɓa ne ya yi kyau ba. A ƙarshen Nuwamban 1798 Faransawa suka tara jama'a a dandalin Azbakiyya don su burge su da tashin balan-balan. Ya ɗan tashi, sannan ya faɗo. Malamin tarihin Masar Abdurrahman al-Jabarti, wanda ya rubuta labarin mamayar, bai ga abin mamaki a ciki ba, ya kwatanta shi da abin wasan da ake sakewa a iska lokacin bukukuwa.

Conté ya kuma riƙa shiga wuraren masu sana'a na Alƙahira yana zana su a bakin aiki da kayan aikinsu, zane-zanen da suka zama shaida kan yadda sana'o'in Masar suke a ƙarshen ƙarni na 18. Da sojojin Faransa suka tsinci Dutsen Rosetta a garin Rashid a watan Yulin 1799, shi ne ya samo dabarar shafa wa dutsen tawada a buga rubutunsa a takarda kamar yadda ake yi a maɗaba'a. An kai waɗannan kwafe-kwafe Paris. Dutsen kansa ya faɗa hannun Birtaniya bayan Faransawa sun miƙa wuya a 1801, kuma yana gidan tarihi na Landan tun 1802. A 1822 ne Jean-François Champollion ya warware sirrin rubutun Fir'aunoni.

Ƙarshen rayuwarsa

Bayan ya koma gida, Conté na cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar ƙarfafa masana'antun ƙasa a 1801. Gwamnati ta kuma ɗora masa jagorancin buga gagarumin littafin nan mai suna Description de l'Égypte, wanda ya tattara binciken masanan da suka je Masar.

Littafin na buƙatar ɗaruruwan manyan hotuna, kuma kowanne sai an sassaƙa shi da hannu a kan farantin jan ƙarfe. Sararin sama kaɗai a hoto ɗaya yana cin dubban layuka. Conté ya ƙera injin da ke jan waɗannan layuka daidai wa daida, yana sauya kaurinsu da tazararsu, ta yadda aikin watanni ya koma na 'yan kwanaki.

Bai ga fitowar littafin ba. Ya rasu a Paris ranar 6 ga Disamban 1805, ba da daɗewa ba bayan rasuwar matarsa, kuma sai a 1809 kashin farko ya fito. A 1852 aka kafa mutum-mutuminsa a garin Sées. Har yanzu ana sayar da sandunan zane masu ɗauke da sunan Conté, irin waɗanda mai zane Georges Seurat ya yi fice da amfani da su. Ramin Borrowdale kuwa an rufe shi a ƙarshen ƙarni na 19, lokacin da duniya ta riga ta koma ga haɗin gari da yumɓu.

Darasin da ya wuce fensir

Tambayar da Conté ya amsa ta sake tasowa a wurare da dama bayansa, kuma kowane lokaci amsar na cikin abin da aka ƙara.

Masu gyaran janareto da injinan lantarki sun san ɗan ƙaramin burushin kabon da ke goga a jikin abin da ke juyawa don ya wuce da wuta. Girafayit ne aka dunƙule, wani lokaci da garin jan ƙarfe a ciki don wuta ta fi wucewa. Da gangan ake yin sa ya fi ƙarfen da yake gogawa laushi, don shi ya cinye a canza shi da arha, maimakon ya cinye ɓangaren inji mai tsada.

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da jiragen sama suka fara tashi can ƙololuwa, sai aka ga irin wannan burushi na niƙewa ya zama ƙura cikin 'yan sa'o'i. Bincike ya nuna cewa santsin girafayit ya dogara ne da danshin da ke cikin iska, can sama kuwa iskar a bushe take. Aka magance matsalar ta hanyar cusa wa burushin wasu sinadarai da ke ba shi santsi ko babu danshi.

A birkin manyan jiragen sama da motocin tsere, ana amfani da faifan da aka yi da zaren kabon, saboda ba shi da nauyi kuma yana jure zafin da zai lanƙwasa ƙarfe. A wasu motoci masu tsada ana ɗura wa irin wannan faifai narkakken silikon, wanda ke haɗuwa da kabon ya zama wani abu mai tsananin tauri. Aikinsa ya yi kama da na yumɓun Conté: ƙashi mai tauri da ke rage cinyewa. A nan ma akwai iyaka, domin taurin da ya yi yawa na kawo gautsi, yana kuma cinye abin da ke goga a jikinsa.

A tayar mota kuwa lamarin ya juya, kabon ne abin ƙarawa. Tayoyin farko masu haske ne kuma ba sa daɗewa. A farkon ƙarni na 20 aka gano cewa zuba baƙin garin kabon mai kama da kunkunniya a cikin roba na ninka juriyarta ga gugar hanya, kuma wannan ne dalilin da ya sa tayoyi suka zama baƙaƙe.

Injiniyoyin yau na da na'urorin da ke auna yawan abin da ya zaizaye daga jikin kaya bayan an goga shi sau dubbai, abin da Conté bai samu ba. Amma tsarin aikin bai sauya sosai ba: a zaɓi abin ƙarawa, a tace shi, a sauya yawansa kaɗan-kaɗan, a gasa, a gwada, har a kai ga ma'aunin da ya dace da aikin. Da wannan tsari ne ɗan manoman Normandy ya fitar da ƙasarsa daga dogaro da ramin ma'adini guda ɗaya da ke hannun abokiyar gabarta, kuma da shi ake yin biliyoyin fensir a duniya duk shekara.